Wai shin wa ya kamata ya riƙe linzamin ma'aikatan gwamnati, minista ko ma'aikaci ɗan'uwansu?

Abu_Safwan
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata tambaya ce ta tsaya min a rai tun jiya. Ina karanta yadda ake tafiyar da gwamnati a Birtaniya sai na ga ashe suna da wani muƙami da suke kira ministan ma'aikatan gwamnati, kuma tun da aka ƙirƙiro shi a 1968 ba a taɓa ba wa wani daban ba, firaminista ne ke riƙe shi da kansa. To sai na waiwayo Najeriya na ga mu ba mu da irin wannan ministan kwata-kwata, sai shugaban ma'aikata na tarayya. Abin da nake so in sani, wanne ya fi? A sa ɗan siyasa a kan ma'aikata wanda in abu ya lalace za a iya kama sunansa a ce kai ne, ko a bar su a hannun ɗaya daga cikinsu? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga a samu minista, don yanzu in aiki ya tsaya a ma'aikatu ban san wa talaka zai tuhuma ba.

Sadiq_Mai_Nazari
Wa alaikumussalam. Ai muna da shi Malam, ba shi ne ministan ƙwadago ba?

Tsohon_Akawu
A'a ɗana Sadiq, ba ɗaya ba ne. Ministan ƙwadago harkarsa ita ce tsakanin mai ɗaukar aiki da wanda aka ɗauka a ƙasa baki ɗaya, har da kamfanoni masu zaman kansu, da ƙungiyoyin ƙwadago, da sasanta yajin aiki. Amma ba shi ke tura babban sakatare daga wannan ma'aikata zuwa waccan ba, ba kuma shi ke riƙe da dokokin aikin gwamnati ba.

A tarayya abin kashi biyu ne. Akwai shugaban ma'aikata, wanda sashe na 171 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, amma dole ya zaɓo daga cikin manyan sakatarori ko masu matsayi irin nasu. Shi ke kula da horo da jin daɗin ma'aikata da rarraba manyan jami'ai. Sannan akwai hukumar kula da ma'aikatan tarayya, mai shugaba ɗaya da kwamishinonin da ba za su wuce 15 ba, ita ce ke da ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa da kora. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati kafin in yi ritaya.

Sadiq_Mai_Nazari
Na gode Baba, wlh ni duk a tunanina abu ɗaya ne. Allah ya ƙara girma.

Ummu_Hibba
Ni kam ina bayan Abu_Safwan. Na ci jarabawar ƙarin girma, takarda ta fito da sunana, amma sai da na yi kusan shekara biyu ina karɓar albashin tsohon mataki. In na je wannan ofis a ce fayil ɗina yana wancan, in na je wancan a ce ba a sako kuɗin ba, in na tambayi wa zai sako sai kowa ya ɗaga kafaɗa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya nemi wani abu a hannuna, kawai dai babu mutum ɗaya da zan nuna in ce wannan shi ne alhakin yake wuyansa. Da akwai minista ko ba komai ranar da ya je gaban majalisa za a tsare shi da tambaya.

Tsohon_Akawu
Hajiya Ummu_Hibba na ji zafin abin da ya same ki, mu ma mun sha irinsa. Amma bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, don an taɓa gwada miƙa ma'aikata a hannun 'yan siyasa kuma jiki magayi.

A 1988, zamanin Babangida, aka kafa doka ta 43 bayan rahoton kwamitin Dotun Phillips. Aka soke muƙamin shugaban ma'aikata gaba ɗaya. Aka daina kiran manyan sakatarori da sunansu, suka koma darakta janar, kuma aka ce in gwamnatin da ta naɗa su ta tafi su ma sun tafi. Sannan babban abin, aka mai da minista shi ne mai sa hannu a kan kuɗin ma'aikatarsa, aikin da a da babban sakatare ke yi. To ku duba, mutumin da a da zai iya duban minista ya ce ranka ya daɗe wannan kuɗin ba za su fita ba don doka ba ta yarda ba, yanzu ya zama kujerarsa ma a hannun gwamnatin take, da wane baki zai yi magana? Mu ƙanana a lokacin muna kallo ladabi ya koma wani abu daban, kowa ya daina tsoron dokar aiki ya koma neman wanda zai tsaya masa. Ba a daɗe ba zamanin Abacha aka kafa kwamitin Allison Ayida, shi ya ba da shawara aka warware yawancin abin, aka dawo da manyan sakatarori da ofishin shugaban ma'aikata. Shi ya sa in na ji an ce a kawo ɗan siyasa a kan ma'aikata gabana ke faɗuwa.

Abu_Safwan
Baba na karɓi wannan, kuma ban san labarin 1988 dalla-dalla haka ba sai yau. Sai dai ina ga abin da aka yi a lokacin ya sha bamban da abin da nake nufi. Can kowane minista aka mai da shi sarki a ma'aikatarsa. Ni kuwa minista ɗaya nake magana, wanda ba ruwansa da ɗaukar kowa aiki ko korar kowa, nasa kawai tsari, albashi, horo, yawan ma'aikatan da ake buƙata, kuma shi zai amsa tambaya in tsarin ya gaza.

Barista_Nana
Bari in ɗan shigo ta ɓangaren doka, don na Birtaniyan da aka fara da shi akwai abin lura a ciki. Muƙamin ya samo asali ne daga rahoton kwamitin Fulton na 1968 lokacin Harold Wilson, wanda ya soki yadda baitulmali ke riƙe da sha'anin ma'aikata, aka cire aka kafa wa ma'aikata ma'aikatarsu ta kansu. Margaret Thatcher ta rushe wannan ma'aikatar a 1981 amma muƙamin ministan ya ci gaba da zama a hannun firaminista har yau. A aikace ba firaminista ke zama yana duba fayil ba, yana wakilta wani minista a ofishin majalisar ministoci, sannan akwai babban ma'aikaci, sakataren majalisar ministoci, wanda galibi shi ne shugaban ma'aikata. Kun ga ke nan su duka biyun suka haɗa, ɗan siyasa a sama da ma'aikaci a ƙarƙashinsa.

Abin da ya hana ɗan siyasan cin karensa ba babbaka shi ne ɗaukar aiki ba a hannunsa take ba. Tun rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 suka kama hanyar ɗauka ta jarabawa da cancanta, a 1855 suka kafa hukumar da ke sa ido. Kuma abin mamaki sai a 2010 suka rubuta wannan duka a dokar majalisa, kafin nan ikon yana tafiya ne a ƙarƙashin ikon gargajiya na sarauta.

Jafar_Dogo
To Barista ai kin gama magana, su sun yi shekara fiye da 150 suna gina al'adar. Mu in aka kawo minista yau gobe zai cika ma'aikatu da 'yan mazaɓarsa

Barista_Nana
Malam Jafar su ma fa ba waliyyai ba ne. A watan Janairun 1984 Thatcher ta yi amfani da wannan muƙamin nata na ministar ma'aikata ta hana ma'aikatan GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa, zama 'yan ƙungiyar ƙwadago, ba tare da ta tuntuɓi ƙungiyoyin ba. Aka yi wa kowa tayin fam 1,000 ya bar ƙungiya, 'yan ƙalilan da suka tsaya kai da fata daga baya aka kore su. Ƙungiyoyin suka kai ƙara har kotun ƙoli ta wancan lokacin, wato majalisar dattawan Ingila. Alƙalai suka ce eh kotu na da hurumin duba yadda aka yi amfani da irin wannan iko, amma tunda gwamnati ta kawo hujjar tsaron ƙasa sai ta yi nasara. Sai a 1997 da gwamnati ta canza aka ɗage haramcin. Duk ɗalibin shari'a a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila ya karanta wannan shari'ar. Ina kawo ta ne don a san muƙamin ba na ado ba ne, akwai haƙori a bakinsa.

Issoufou_227
Salam gare ku. Ni daga Nijar nake, kuma mu nan muna da wannan ministan da kuke gardama a kai, tsarin Faransa muka gada. Akwai ma'aikata sukutum ta ma'aikatan gwamnati, ita ke shirya jarabawar shiga aiki da muke ce wa konkur, ita ke riƙe da dosiye, wato fayil ɗin kowane ma'aikaci, tun ranar da ya shiga har ya yi ritaya. Amfanin da na gani shi ne in sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, za ta zauna da gwamnati ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Amma kada ku ɗauka samun minista ya kashe matsala. Shi ministan ma'aikata ba shi ke da kuɗi ba, ministan kuɗi ke da su. Zai iya sa hannu a yarjejeniya da malaman makaranta, in can aka ce babu kuɗi to magana ta tsaya. Don haka 'yar'uwa Ummu_Hibba, ko da ministan ne zai iya ce miki fayil na wajensa amma kuɗi na wani wuri.

Ummu_Hibba
Hakane Malam Issoufou, amma ko ba komai kun san wa za ku fara kira. Ni abin da ya fi ci min rai ke nan, rashin sanin ƙofa.

Dan_Makaranta01
Dan Allah a ɗan yi min bayani, ni ɗalibi ne. Mene ne bambancin minista da babban sakatare tunda duk a ma'aikata ɗaya suke?

Hajiya_Mairo_Ritaya
Ɗana, minista baƙo ne, babban sakatare ɗan gida. Minista shugaban ƙasa ke kawo shi, majalisar dattawa ta tantance shi, ya zo da manufar gwamnatin da aka zaɓa, in ta tafi ya tafi ko ma a canza shi tun kafin nan. Babban sakatare kuwa ya taso ne tun daga ƙananan matakai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya wuce mataki na 17 na darakta, ya san inda kowace takarda take da abin da aka taɓa gwadawa ya faɗi. Minista ya ce ga inda za mu, babban sakatare ya ce ga hanyar da doka ta yarda a bi, kuma shi ne ke amsa tambaya a kan kuɗin ma'aikata. In suka fahimci juna aiki ya tafi, in suka saɓa kuwa mu na ƙasa mu ke ji a jikinmu, takarda sai ta yi wata uku a tebur ɗaya.

Kuma ina so in ƙara a kan maganar Tsohon_Akawu. Ni a ganina ba 1988 ce ta fara karya ma'aikata ba, 1975 ce. Lokacin Murtala, Allah ya jiƙansa, an sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin 'yan watanni, wasu a rediyo suka ji sunansu. Niyyar gyara ce kuma akwai waɗanda suka cancanci kora, amma an haɗa da mutanen kirki ba tare da an saurare su ba. Manyanmu da muka tarar a ofis sun sha gaya mana cewa daga ranar ma'aikaci ya gane kujerarsa ba tabbas, wasu suka fara tunanin tara abin da za su ci in an kore su. Wannan ma ai ikon siyasa ne a kan ma'aikata, ko da yake na soja ne.

Jafar_Dogo
Hajiya da girmanki amma ban yarda a ɗora wa Murtala ba. Mutumin da ya yi wata shida kacal? Kafin ya zo ai manyan sakatarori sun zama su ne gwamnati a zamanin Gowon, ana ce musu manya masu faɗa a ji. Wa ya zaɓe su? Ba kowa. Wannan ma haɗari ne, kuma shi ne ainihin abin da Abu_Safwan ke faɗa

Hajiya_Mairo_Ritaya
Ban ce mugu ba ne Malam Jafar, Allah ya sani ina ganin girmansa. Na ce hanyar da aka bi ta bar tabo. Kuma maganarka ta biyu gaskiya ce, ma'aikacin da ba mai taka masa burki shi ma abin tsoro ne.

Engr_Bash
Ni fa ina ganin muna ta zagaye ne. Matsalar ba sunan muƙami ba ce. Amurka ba ta da ministan ma'aikata, ofishi ne kawai mai darakta. A da can duk wanda ya ci zaɓe sai ya kwashe ma'aikata ya zuba magoya bayansa, har sai da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaba Garfield a 1881, sannan a 1883 suka yi dokar Pendleton ta ɗauka bisa cancanta. Har yanzu sabon shugaba na naɗa mutum wajen 4,000 amma sauran ana barinsu. Afirka ta Kudu kuwa na da cikakken ministan ma'aikata kuma suna da hukuma daban. Indiya ma'aikatar na ƙarƙashin firaminista kamar Birtaniya amma jarabawar shiga manyan muƙamai hukuma mai zaman kanta ke yi. Kowa da nasa salon, abin da na lura kawai duk inda abin ya ɗan yi kyau to an raba mai tsara manufa da mai ɗaukar aiki

Abu_Safwan
Injiniya ai nan nake. A bar wa hukuma ɗauka da kora. Amma wa zai tsaya a kan gyara? Ku duba dokar wa'adi. A 2009 zamanin 'Yar'aduwa, lokacin Stephen Oronsaye na shugaban ma'aikata, aka ce darakta shekara 8 ya sauka, babban sakatare shekara 4 sau biyu, don na ƙasa su samu gurbi. A 2016 aka dakatar da ita. A 2023 kuma aka dawo da ita cikin sabbin dokokin aiki. Abu ɗaya an kafa an tsige an sake kafawa cikin shekara 14, kuma ba wani ɗan siyasa ɗaya da za ka tare ka ce kare mana wannan. Haka rahoton shi Oronsayen na 2012 kan rage hukumomi, shekara nawa ana ta cewa za a aiwatar.

Tsohon_Akawu
To ai ka ba da amsa da bakinka ɗana. Wa ya dakatar a 2016? Wa ya amince aka dawo da ita? Ba shugaban ƙasa ba? A tsarin da muke bi shugaban ƙasa shi ne ministan ma'aikata ko ba a rubuta ba, shi ke naɗa shugaban ma'aikata da manyan sakatarori kuma shi ke iya sauke su. Bambancinmu da Birtaniya shi ne firaministansu ɗan majalisa ne, duk Laraba in majalisa na zama sai ya tsaya an yi masa tambayoyi. Namu shugaban ba ya zama a majalisa.

Barista_Nana
Wannan batu na Baba shi ne ƙashin bayan zancen. Ƙari a kai, majalisa na da ikon gayyatar shugaban ma'aikata ya zo ya yi bayani, kuma ana yi. Sai dai naɗinsa ba ya bi ta majalisar dattawa kamar na minista ko na kwamishinonin hukumar ma'aikata. To mai son a ƙara sa ido zai iya cewa a gyara nan ɗin kawai ba sai an ƙirƙiro sabuwar ma'aikata ba. Ni kaina ban gama yanke hukunci ba, don tantancewar majalisa ma na iya jawo mutum ya fara bin 'yan siyasa tun kafin a naɗa shi.

Zee_Aliyu
sabuwar ma'aikata kuma?? da motoci da mataimaka da ofisoshi? dan Allah a'a. kuɗin da za a kashe a biya 'yan fansho haƙƙinsu

Malam_Habu_Tarihi
A tuna fa ba baƙon abu ba ne a Najeriya. A jamhuriya ta farko, da muke kan tsarin firaminista, akwai ministan da ke kula da sha'anin ma'aikata da fansho, har marigayi Shehu Shagari ya taɓa riƙe wannan kujera a farkon shekarun 1960, lokacin da babban aikin shi ne maye gurbin Turawa da 'yan ƙasa. Wato lokacin da ake da wani babban gyara da ake son a yi da sauri sai aka ga ana buƙatar ɗan siyasa ya ja ragama. Ina ganin tambayar da ya kamata mu yi ita ce ko yanzu ma muna cikin irin wannan lokacin, da batun ma'aikatan bogi da mayar da fayil-fayil cikin kwamfuta da albashin da ba ya kai wata.

Ummu_Hibba
Muna ciki mana Malam. Tun 2007 aka fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta na bai ɗaya kuma har yau ba a daina jin labarin ma'aikatan bogi ba. Na'ura ba ta gyara abin da mutum bai so a gyara ba.

Issoufou_227
Abu ɗaya da zan ƙara daga abin da na gani. Minista na iya zuwa da niyya mai kyau ya fara gyara, kafin ya gama gane ma'aikatar an yi garambawul an kai shi wani wuri, wanda ya gaje shi ya fara daga farko da nasa tsarin. Gyaran ma'aikata kuwa abu ne na shekara goma ko fiye. Shi ya sa wani lokaci nake sha'awar naku tsarin, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Jafar_Dogo
Mai ɗakin kuma shi ya fi kowa sanin inda zai ɓoye abu Malam Issoufou. Ta yaya za ka ce wa mutum ya rage kujerun abokan da suka shiga aiki rana ɗaya?

Hajiya_Mairo_Ritaya
Kuma shi ma shugaban ma'aikatan ba daɗewa yake ba, don sau da yawa ana naɗa shi ne yana gab da cika shekara 60 ko shekara 35 a aiki, wasu ko shekara biyu ba sa yi. Yayale Ahmed ne na tuna ya daɗe sosai a zamanin Obasanjo. Don haka matsalar gajeren zama da Malam Issoufou ya faɗa mu ma muna da ita ta wata fuskar.

Abu_Safwan
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru fiye da yadda na zata. Maganar Baba Tsohon_Akawu cewa shugaban ƙasa shi ne ministan ko ba a rubuta ba ta sa na ɗan ja baya, amma har yanzu ban ga amsar Hajiya Ummu_Hibba ba, wato ƙofar da ƙaramin ma'aikaci zai ƙwanƙwasa. Barista, in ma'aikaci ya bi duk matakan ƙorafi na cikin gida bai samu biyan buƙata ba, ina ya nufa?

Barista_Nana
Akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kuma kyauta ne kai ƙorafi gare ta. In abin ya kai ga shari'a kuma kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke da hurumi a kan rikicin aiki da albashi da fansho. Sai dai ki riƙe kwafin kowace takarda da kika rubuta Hajiya Ummu_Hibba, da ranar da aka karɓa da hatimin ofis a kai, don shi za a fara tambayarki.

Dan_Makaranta01
Baba Tsohon_Akawu dan Allah in ka samu lokaci ka ba mu labarin Udoji, na ji iyayenmu na yawan ambatonsa, shi ma minista ne?

Tsohon_Akawu
A'a ɗana, Jerome Udoji tsohon ma'aikaci ne da Gowon ya ba shugabancin kwamitin duba aikin gwamnati a 1972, ya miƙa rahoto a 1974. Mutane ƙarin albashin kawai suka riƙe, alhali rahoton ya yi dogon bayani a kan yadda za a riƙa auna aikin ma'aikaci da abin da ya cim ma, kuma daga nan matakan albashi 17 ɗin nan suka fito. Lokacin ban shiga aiki ba tukuna, amma na yi aiki da waɗanda suka karɓi ariyas ɗin. Bari in dawo daga masallaci in rubuta maka a tsanake, labarin na da tsawo.